Kazar Dutsen Uwaisu

Salmatu tana tsakar gida tana surfen gero, da 'yarta Sakinatu goye a bayanta, lokacin da labarin ya iske ta. Maƙwabciyarta ce ta shigo ba sallama, ta tsaya tana kallon turmi, ta kasa kallon idonta.

"Aje taɓaryar nan, Salmatu. An gano maigidanki gindin dutsi. Ba shi da rai."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta jingine taɓarya, ta rufe turmin da faifai saboda kaji, sannan ta zauna a ƙasa.

Mijin nata Uwaisu maharbi ne, amma ba mai bin manyan namun daji ba. Sana'arsa kama kajin dutse, waɗannan 'yan tsuntsaye masu duhun gashi da jajayen ƙafafu, masu ɗage wutsiya kamar kazar gida. Ba sa son tashi sama, gudu suke yi a tsakanin duwatsu, kuma da asuba sukan haɗa baki su yi ta fito har a jiyo su daga cikin gari. Uwaisu yana ɗana musu tarko na izgar doki a gangaren babban dutsen da ke arewa da Unguwar Maharba, can gefen garin Riko. Da rani yakan ajiye musu ruwa a kasko a gindin dutsen, don kada ƙishi ya kore su zuwa wani wuri.

A shekarun nan ne Turawa iri biyu suka raba ƙasar. Suka zo da sarƙar awo, suka kafa turaku, suka ce daga nan zuwa kudu na Ingilishi ne, zuwa arewa na Faransi. Uwaisu ne ya yi musu jagora a cikin duwatsun, domin babu wanda ya san hanyoyin kamarsa. Da aka gama, sai ga garin su Salmatu ya faɗa can hayi, wajen Maraɗi, inda da ma tun zamanin kakanni akwai tsohuwar gaba tsakaninsu da Katsina. Daga ranar ta koma "'yar hayi" a bakin matan unguwa.

Da aka kawo gawar, an ga sara a ƙeyarsa. Ba faɗuwa ya yi ba.

Kafin a gama wanka har an sami wanda za a ɗora wa. Ƙanen Salmatu, Maharazu, mai fataucin kanwa ne ta hanyar Jibiya, kuma a zauren gidan ya kwana a daren da ya wuce. An ga sawun takalmi faɗe, mai faɗin nan irin na mutanen arewa, daga inda gawar take har ya nufi iyaka. Duk unguwar babu mai sa faɗe. Maharazu kaɗai aka gani da shi.

Kalilu, wan Uwaisu uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ja samari suka cim masa a kasuwar Jibiya. Suka dawo da shi ɗaure, ba takalmi, leɓensa a fashe. Salmatu tana ɗaki ta jiyo muryar Kalilu a ƙofar gida.

"Mun ba su masauki, mun ba su tuwo, sun saka muna da gatari! Wagga mata ma a tambaye ta. Ita ta san mi ta shirya da ɗan'uwanta. Ɗiyar ƙanena kuwa ba ta girma hannun 'yan hayi, sai dai in ba ni numfashi."

Salmatu ta ƙara matse Sakinatu a ƙirjinta. Da safe tana da miji da ƙane da 'ya. Yanzu an binne ɗaya, an ɗaure ɗaya, ana maganar ƙwace ta ukun.

Maigari Nagoggo ya sa aka kulle Maharazu a zaurensa, ya aika Katsina a turo dogarai. Samari suka ce ba sai an wahalar da dogarai ba, su za su gama aikin. Maigari ya san in aka kashe mutumin Faransi a ƙasarsa, rawaninsa ne zai fara tafiya, don haka ya aika garin Gangara a kira Ɗanmaraya mai bin sawu.

Washegari da hantsi ya iso. Tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, yana tafe yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Babu wanda ya yi masa maraba. Kalilu ya tare shi a bakin hanya.

"Baba, wahala kawai ka yi. Ɓarawo na hannu, sawu na nan ko makaho ya gani."

"To ai ka ga an kira mai ido guda," in ji Ɗanmaraya. "Sauƙi ya samu."

Ya fara da zauren Maigari. Abin da aka yi a can, daga baya Salmatu ta ji shi daga bakin ƙanenta.

"Ina takalmanka, ɗan samari?"

"Baba, na tashi da asuba ban gan su ba. A bakin zaure na aje su. Na ɗauka kare ya ja, na tafi kasuwa haka nan."

"Ka faɗa wa wani?"

"Na faɗa wa duk wanda ya doke ni. Ba wanda ya saurara."

"Kai da mijin yayarka kun taɓa samun saɓani?"

Maharazu ya ce, "Daren da na kwana gidan mun ɗaga murya. Na ce ya bari in tafi da ita ta ga tsohuwarmu, ya ce sai bayan girbi. Maƙwabta sun ji. Amma a kan wannan ba a kashe mutum."

Ɗanmaraya ya sa ya miƙo ƙafarsa, ya dube ta sama da ƙasa, ya fita.

Daga nan ya nufi rugar Lawwali, Bafulatanin da ya fara ganin gawar. Shi ma ana ƙus-ƙus a kansa, domin bara ɗan akuyarsa ya karye a tarkon Uwaisu, har ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa sai ya rama.

"Na faɗa," in ji Lawwali, yana riƙe da sandarsa a wuya. "Na faɗa da fushi, kuma ya biyo ni har nan da kaji biyu ya ba ni haƙuri, muka ci tare. Waɗanda suka ji rantsuwar ba su zo cin kajin ba."

"Jiya mi ka gani?"

"Ban ga kowa ba. Shanu na kai gindin dutsi, suka tsaya suka ƙi gaba. Na duba na gan shi kwance. Da na san haka mutanen nan za su riƙa kallona, da na kora shanuna na yi shiru."

Ɗanmaraya ya dubi ƙafafun Lawwali, manya ne ƙwarai, sun fi kowane faɗe tsawo. Ya yi masa sallama.

Shi kaɗai ya hau dutsen. Inda Uwaisu ya faɗi jama'a sun tattake, babu abin gani, sai kaskon ruwa a kife. Gaba kaɗan sawun faɗe ya fito sarai a kan rairayi, ya nufi arewa. Abin da ya fara damun tsohon ke nan. Mai gudun ceton ransa yakan bi kan falalen dutse, inda ƙafa ba ta barin shaida. Wannan kuwa duk inda ƙasa take da laushi nan yake takawa, kamar mai son a gani. Ga shi kuma takalmin yana ja ta baya, alamar ya yi wa wanda ya sa shi yawa.

Can tsakiyar gangare sai sawun ya karkace. Ya bar hanyar arewa ya yi gabas zuwa wata ƙaya, ya tsaya, har da gurbin gwiwa a ƙasa, sannan ya dawo ya ci gaba da tafiyarsa har ya ɓace a yashin gulbi. Samarin unguwa ba su kula da wannan karkata ba, arewa kawai suke kallo. A gindin ƙayar akwai tarkon Uwaisu, da ɗigon jini da ya bushe a kan dutse. A cikin ƙayar kuma, sama inda shaho ba ya iya kai ƙafa, wani ƙunshi ne na ganyen kalgo a rataye.

Ɗanmaraya ya san wannan, domin al'adar maharba ce. In ka tarar da tsuntsu da rai a tarkon wani, ba ka wucewa ka bar shi ya mutu mushe, ba ka kuma ɗauka. Sai ka yanka, ka cire fiffike ɗaya haƙƙin wuƙarka, ka ƙunshe sauran ka rataye wa mai tarko. Ya buɗe ƙunshin ta gefe, bai taɓa ƙullin igiyar da aka ɗaure shi da ita ba. Kazar dutse ce, an yanka ta yanka mai kyau, tururuwa sun fara binta. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sannan ya mayar da ita cikin ganyen, ya jefa a burgaminsa.

Da azahar ya yi sallama a gidan mamacin. Salmatu tana takaba, don haka ta zauna a bayan zana, shi yana zaure.

"Ɗiyata, Allah shi ba ki haƙuri."

"Amin, Baba. Kai ma ka zo ka tambaye ni yadda na shirya da ƙanena?"

"A'a. Tambayar tukunya na zo yi. Ke ke figar kajin da maigidanki ke kawowa?"

"Ni ce."

"Ƙanenki ya taɓa harbi, ko ɗana tarko?"

"Maharazu? Ko kazar gida sai ya nemi mai yanka mishi."

Ɗanmaraya ya turo ƙunshin ta ƙarƙashin zana. "Wanda ya kashe mijinki ya tsaya ya yanka wannan bayan ya gama. Maharbi ne, wannan na sani. Abin da ban gane ba, bai ɗauki haƙƙinshi ba. Garinmu ba a barin fiffike. Ko sauri yake yi?"

Salmatu ta buɗe ganyen. Ta ja fiffike na dama ya buɗe, ta ja na hagu shi ma ya buɗe. Ta daɗe tana kallonsu. Ta fige kaji irin wannan ba iyaka. Wanda Mahmudu Sarkin Baka, shugaban maharba, ya yanka yakan zo da fiffike ɗaya, na sauran maharba ma haka. Mutum ɗaya ne tak in ya yanka wa mijinta kaza take zuwa cikakkiya.

"Ba sauri ba ne, Baba," ta ce. "Nan unguwar, ɗan'uwa ba ya cire wa ɗan'uwa fiffike. Sun ce tukunyarsu ɗaya, ba a karɓar haƙƙi a kan abin gida."

"'Yan'uwa nawa gare shi?"

"Su biyu uwarsu ta haifa. Ubansu ya rasu."

Tsohon ya ce, "Za ki iya faɗin haka gaban mutane?"

"Ba su jin maganar 'yar hayi. Ka sa shi ya faɗa da bakinshi."

Bayan la'asar Maigari ya tara mutane a ƙofar gidan Uwaisu, inda ake zaman makoki. Aka kawo Maharazu da igiya a hannu, aka zaunar da shi a rana. Lawwali ya tsaya can gefe shi kaɗai. Maharba suka zauna a layi, Sarkin Baka Mahmudu a tsakiya, Kalilu a damansa. Salmatu tana bayan zana, tana ganinsu ta wata 'yar kafa.

"To, mai ido guda, mi ka gano?" wani saurayi ya ce. "Ko sawun ya koma Gangara?" Aka yi dariya mara daɗi.

"Na gano mai faɗe ne ya yi kisan," in ji Ɗanmaraya.

"Ai mun faɗa!" Kalilu ya miƙe. "A ba mu shi!"

"Zauna, ɗana, tsoho ba shi sauri. Ni baƙo ne, ina son in san al'adarku. Sarkin Baka, in ka iske kaza da rai a tarkon Uwaisu, ya kake yi?"

Mahmudu ya ɓata rai. "Mi ya haɗa wannan da kisa? Yankawa nike, in cire fiffike, in rataye mishi."

Ɗanmaraya ya bi sauran maharban ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da amsa iri ɗaya, wasu da tsaki. Ya juya wajen Lawwali.

"Ni ba ruwana da tarkon mutane," in ji Lawwali. "Tun na ɗan akuya nike kewaye shi."

"Kai fa, Kalilu? Kai ma fiffike kake cirewa?"

"Ni?" Kalilu ya bugi ƙirji. "Allah shi kiyaye. Ciki ɗaya muka fito. Tun da nike ban taɓa cire ko gashi ɗaya a kazar ƙanena ba. Kowa nan shaida ne."

"Haka ne," in ji Mahmudu. "Shi kaɗai ne ba ya cirewa."

Ɗanmaraya ya zaro ƙunshin daga burgami, ya buɗe, ya kama kazar ta fiffikenta biyu ya ɗaga ta sama a buɗe, yadda na baya ma zai gani.

"A ƙayar gabas na same ta, bisa tarkon Uwaisu. Sawun faɗe ya taso daga wurin gawa, ya karkata ya je gindin ƙayar, ya durƙusa, ya dawo. Ba wani sawu wurin sai shi. Na aza duwatsu na kewaye, duk mai shakka ya hau ya gani."

Sai wani daga cikin samarin Kalilu ya ce, "Wataƙila Uwaisu ne ya yanka abinshi kafin a kashe shi."

"Mai tarko ba ya rataye wa kanshi," in ji Mahmudu a hankali. Bai ɗaga kai ba. "Burgami yake sawa."

"Wannan ɗan hayin ne ya yi don a ɗora mini!" Kalilu ya nuna Maharazu. "Ni jiya tun asuba ina kasuwar Bugaje."

"Na gan ka Bugaje," in ji Mahmudu. "Amma rana na tsaka lokacin da ka shigo. Kuma ƙullin da ke jikin ƙunshin nan irin na ubanku ne, Kalilu. Ni da shi muka yi farauta, na san hannunshi. Mai kanwa bai san shi ba."

Nan Salmatu ta ɗaga zana ta fito, da mayafin takaba a kanta, da 'yarta a baya. Mata suka yi salati, wata ta ce ta koma ciki. Ba ta koma ba. Ta tsaya a gaban wan mijinta, mutumin da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalla ba tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya," ta ce, "ka ji tsoron Allah a kan kaza, kada ta mutu mushe. Ka durƙusa ka yi mata bisimilla, ka naɗe ta da ganye don kada rana ta taɓa ta. Shi kuwa ka bar shi kwance a rana, shanu suka tsinto shi."

Kalilu ya dubi samarinsa, suka kawar da kai. Sai fuskarsa ta canza.

"Shi ya riƙe wa Nasara sarƙa!" ya yi tsawa. "Shi ya nuna musu inda za su kafa turke! Fadamar ubanmu, rabona, wadda na share da hannuna, ta faɗa hayi, dangin matarshi na nomanta ina kallo. Na ce mu je mu tuge turken, ya ce ba ruwanshi. Ba ruwanshi!"

"Nasara bai tambaye shi ba," in ji Salmatu. "Ya dawo ranar bai ci tuwo ba, saboda fadamarka. Ni na ɗauke kwanon."

Maigari ya yi wa mutanensa alama. Igiyar da aka kwance daga hannun Maharazu ita aka ɗaura wa Kalilu. Da dogarai suka iso washegari, shi suka tafi da shi Katsina, kuma bai sake dawowa ba.

Babu wanda ya ba Maharazu haƙuri. Waɗanda suka fasa masa leɓe suka riƙa wuce shi kamar ba su san shi ba. Ɗanmaraya ma ko ruwa ba a ba shi ba da zai tafi, sai Salmatu ce ta aika masa da fura a ƙwarya. Ya sha, ya ce a gaya mata shi sawu kawai ya bi, ita ta gano mai shi. Wasu matan kuwa har suka tsufa suna cewa 'yar hayi ta cinye gida guda, ƙane a kabari, wa a kurkuku.

Da ta gama takaba, Maharazu ya zo da jaki zai tafi da ita. Ta ce masa ya gaida tsohuwa, za ta zo ganinta bayan girbi, kamar yadda maigidanta ya ce. Ta je, ta kuma dawo. A gidan ta raini Sakinatu har ta aurar da ita.

Babu wanda ya sake ɗana tarko a wannan gangaren. Izgar da Uwaisu ya bari ta ruɓe a inda take. Salmatu kuwa tun daga ranar ba ta ƙara sa naman kazar dutse a bakinta ba.

Yanzu ta tsufa, gwiwoyinta ba sa son hawa. Amma kullum in ta idar da sallar asuba, ta ji kajin sun fara fito a kan dutse, sai ta ɗebi ruwa a 'yar ƙwarya ta bi hanyar a hankali. Kaskon yana nan inda Uwaisu ya ajiye shi, bakinsa ya ɗan ɓare. Takan zubar da na jiya, ta share ƙasar da ta taru a ciki da yatsa, ta cika shi, sannan ta juyo ba tare da ta waiwaya ba, domin ba sa saukowa in ana kallonsu.